Firigo a Ɗakin Inna Talatu

"Dama na ce, Tahirou. Hannun da kake cin tuwo da shi."

Muryar Mama na fara ji tun daga bakin lungu. Da na shigo tsakar gida sai na tarar da firigonmu na sanyaya ruwa ya maƙale a ƙofar ɗakin Inna Talatu, rabi ciki rabi waje. Tahirou mai zem, wato ɗan acaba, wanda ke haya a ɗakin ƙarshe, yana tura shi da kafaɗa, rigar aikinsa mai ruwan ɗorawa ta jiƙe sharkaf. A jikin bango an jera kujeru huɗu masu laushi daga gidan Alhaji Ilu dillalin shanu. Ga darduma a naɗe, ga fanka, ga wata talabijin da ban ma san ta wane gida ba ce.

"Mama, me ake yi haka?"

"Aikin da kika jawo mana. Ba ke kika ce gobe da hantsi Baturiya za ta zo ba?"

Ni na ce. Wata shida ke nan ina aiki da wata ƙungiyar Turawa mai yaƙi da talauci, wadda ofishinta ke Houéyiho. A Zongo ba wanda ya damu da dogon sunanta, proje kawai ake cewa. Na yi shekara biyar a jami'a ina karatun zaman jama'a, amma aikina a wurinsu shi ne in riƙe tabilet in yi tafinta. Proje na ba da kati. Duk wanda ya samu katin, za a yi masa magani kyauta shekara guda a wata kilinik da suke biya, har da tiyata. Ni na yi ta naci har aka sa sunan Inna Talatu cikin gidajen da za a duba, saboda ƙafarta.

"Mama, ba baƙunci za ta zo ba. Talauci za ta zo dubawa. Duk abin da ta gani a ɗakin nan za a rubuta. Firigo maki ne, fanka maki ce, kujera maki ce. Wanda makinsa ya yi yawa ba ya samun kati."

"Ikon Allah," in ji Tahirou daga bayan firigo. "Mu a lekol rashin maki ya kore mu daga aji. Ashe da na jira zamanin nan da ni ne na ɗaya."

Matan gidan suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Inna Talatu na zaune a kan turmi a inuwar bango, ta ɗora ƙafar dama a kan bokiti, a naɗe da tsumma. Ta yafito ni.

"Zo nan, 'yar boko. Baturiyar nan, daga ƙasarsu ta taso?"

"Daga can, Inna."

"Ta hau jirgi, ta ƙetare teku, ga ta har ƙofar ɗakina."

"Aikinta ne. Biyan ta ake yi."

"Ko ma me ake yi mata. Shekara arba'in ina cikin gidan nan. Ba wanda ya taɓa shiga ɗakina ya fita ya ce Talatu matar Gado ba ta da inda za ta zaunar da mutum. Ba a kan Baturiya za a fara ba."

"Ƙafarki fa?"

"Ƙafata tana nan inda Allah ya ajiye ta."

Na juya wurin Mama, na ce ko firigon kaɗai a mayar. Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina ƙarama in na yi maganar da ba ta dace ba a gaban mutane.

"Allah ya rufa wa Yaya Talatu asiri shekara da shekaru, ke kina so ki kware shi da tabilet. Munirat, karatu muka tura ki, ba rashin ta-ido ba. Matsa ki ba shi hanya."

Kafin magariba an ja waya daga ɗakinmu, firigo ya fara gurnani a kusurwar da Inna ke ajiye gawayi.

Inna Talatu ba ta haifi kowa ba, amma rabin yaran gidanmu a bayanta muka yi barci. Mijinta Gado ya yi shekara talatin yana gadin wani sito a Ganhi. Masu siton farare ne, uba ya mutu ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, Gado yana nan a kan bencinsa. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare aka sallame shi da agogon bango. Agogon aka sayar a jinyarsa ta ajali.

Ita kuwa guga take yi a kasuwar Missèbo. In an kwance dilar gwanjo, kayan da Turawa suka sa suka gaji suka zubar, sai 'yan kasuwa su kawo mata ta miƙar da su da dutsen guga na gawayi, don su yi kyan gani a rataye. Takan ce ta san jikin Bature fiye da matarsa, ta san inda yake gumi da inda aljihunsa ke fara yagewa. Wata rana garwashi ya faɗo mata a kan ƙafa. Ba ta ji ba, sai da maƙwabciyarta a rumfa ta ji ƙauri. A nan aka gane ciwon suga ya daɗe yana cin ta. Gyambon ya ƙi warkewa. Ta daina zuwa kasuwa.

Duk gidan mun san halin da take ciki, kuma ba wanda ya taɓa furtawa. Kullum da rana Mama kan zuba tuwo a kwano ta ce, "Kai wa Yaya Talatu ta ɗanɗana mini, ban sani ba ko gishiri ya ji." Inna kan karɓa ta ce, "Uwarki har yau ba ta iya miya ba, bari in gani." Kwano ya dawo a wanke. Shekara biyu ana ɗanɗana gishirin nan.

Washegari da hantsi farar motar proje ta tsaya a bakin lungu, don ba za ta iya shiga ba. Madam Brigitte ta fito. Shekara biyu ta ba ni, kuma karatunmu iri ɗaya ne, na taɓa ganin takardunta. Ba muguwa ba ce. Da ma muguwa ce da na fi samun sauƙin ba da labarin nan. Ta cire takalmi a ƙofa ba tare da an ce mata ba, ta yi sallama da Hausar da na koya mata.

Ni kaina da na shiga ban gane ɗakin ba. Darduma ta rufe fasasshen siminti. Fanka na juyawa. Turaren wuta ya danne warin da na saba ji. Inna ta sha leshin Mama na zuwa biki, ta sa safa ta rufe ƙafar, kuma tana tsaye. Mace da ta yi wata uku ba ta taka ƙafar nan ba sai da sanda, ta taka har wurin firigo, ta buɗe, ta ɗauko zoɓo mai sanyi ta zuba wa baƙuwa da hannunta. Na ga gumi yana tsattsafo mata a goshi. Murmushinta bai motsa ba.

Mata biyar sun cika ƙofa suna leƙe. Na ce su ba mu wuri, ba wadda ta gusa.

Madam ta ɗauki hoton kowane kusurwa, kamar yadda doka ta ce. Sannan muka fara tambayoyi, tana karantawa da Faransanci ina juyawa.

"Inna, sau nawa kike cin abinci a rana?"

"Sau uku. Ban da na marmari."

"A watan da ya wuce, kin taɓa kwana da yunwa?"

Inna ta ɗaga ido ta dubi ƙofa, ta dubi Mama, sannan ta yi dariya.

"Ce mata a Zongo ko akuya ba ta kwana da yunwa."

Matan ƙofa suka ce, "Gaskiya ne, Inna."

Na sunkuya kusa da Madam na ce mata da Faransanci, ƙasa ƙasa, duk abin da take gani na aro ne, firigon na mahaifiyata ne. Ta ce to in tambayi mai ɗakin. Ban kai ga buɗe baki ba. Shekara ashirin a Missèbo ta koya wa Inna Faransancin da ya ishe ta. Ta dafa firigon da tafin hannu.

"C'est pour moi, Madame."

Nata ne, in ji ta. Sannan ta dube ni, ta ƙara da Hausa, "Rubuta abin da na ce, 'yar boko."

Da yatsana na danna. Firigo, akwai. Fanka, akwai. Talabijin, akwai. Wurin zama, kujeru. In an gama, tabilet ɗin kan nuna kore ga wanda ya cancanta, ja ga wanda bai cancanta ba. Ya nuna ja.

Da motar ta tashi, ta madubi na hango Inna ta zube a kan kujerar Alhaji Ilu da aka fito da ita ƙofar gida, mata biyu suna ƙoƙarin zare mata safa.

A cikin mota na yi ta magana. Madam ta saurare ni har ƙarshe.

"Na yarda da ke, Munirat. Amma in na karɓi maganarki a kan maƙwabciyarki, me zan ce wa gidaje ɗari uku da ba su da maƙwabciya a ofishinmu?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganarta ba ƙarya ba ce. Sai dai wanda ya zauna a wani birni mai sanyi ya tsara tambayoyin nan bai taɓa zama baƙo a Zongo ba. Bai san cewa a wurinmu mai abu ne ke iya barin ɗakinsa yadda yake, wanda ba shi da komai shi ke yawon aro. Da sun tambayi ko mutum ɗaya cikinmu da ke ƙasan benen ofis, da ya faɗa musu. Ba su tambaya ba. Mu an ɗauke mu ne don mu juya magana, ba don mu yi ta ba.

Ofishinmu bene ne hawa biyu. A sama akwai na'urar sanyaya ɗaki, a ƙasa fanka. Farare a sama, baƙaƙe a ƙasa. Ba wanda ya rubuta haka a ƙofa, ba a ma bukatar a rubuta. Takardar albashi iri biyu ce, inshora iri biyu, kuma a bangon matakala an manna hoton wata baƙar mata tana dariya, an rubuta a ƙasa cewa tare za mu kawar da talauci. Kullum sai na wuce ta gabanta in na hau kai takarda.

Sau uku na hau wurin direkta. A na ukun ya cire tabarau ya ce akwai hanya. Matar ta sa hannu a takarda cewa kayan da aka gani ba nata ba ne, kuma ba ta da komai. Delege, wato mai unguwa, ya buga hatimi. Sannan a koma a sake duba ɗakin, a gyara dosiye, wato fayil ɗinta.

"Zan iya komawa yau," na ce.

"Ba ke ba. Ma'aikaci ɗan ƙasa ba ya tabbatar da dosiye. Ba don ba mu yarda da ku ba ne, kare ku muke yi daga matsin dangi. Brigitte ce ta buɗe, ita za ta rufe."

A makon nan zazzaɓin sauro mai karya gaɓoɓi ya kama Madam Brigitte. Ranar Talata ta kwanta, ranar Alhamis jirgi ya tashi da ita zuwa ƙasarsu, da likita a gefenta. Ban yi mata baƙin ciki ba, Allah ya sani. Na dai tsaya a ƙasan matakala na tambayi direkta ko kuɗin jirgin nan ƙafa nawa zai yi wa tiyata.

"Wannan inshorarta ce, ba kuɗin proje ba ne. Kada ki haɗa abubuwan da ba su haɗu ba."

"Yaushe za ta dawo?"

"In likitanta ya yarda."

A gida kuwa ƙafar ta fara baƙi daga yatsu. Tsayuwar da ta yi ranar nan ta buɗe gyambon. Muka kai ta asibiti a motar haya. Likita ya duba, ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma cikin gaggawa, kuma a biya kafin a taɓa ta. Matan gida suka haɗa abin da suka iya, na zuba albashina a kai. Allurar mako guda ya saya. Muka dawo da ita.

Na tafi gidan Alhaji Ilu. Na same shi a ƙofar gida bayan azahar, yana jan carbi, waya biyu a kan cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Talatu ce ta aiko ki?"

"A'a, Alhaji."

"To kin gani. Matar nan ba ta taɓa roƙon kowa ba. In na aika mata da kuɗi ba tare da ta nema ba, kamar na ce na san ba ta da shi ne. Gado abokina ne, ba zan tozarta iyalinsa ba."

"Alhaji, kujeru huɗu ka ba da ba a roƙe ka sau biyu ba. Bijimi ɗaya cikin na garkenka ya isa ya cece ta."

Ya daina jan carbin.

"'Yar wa ce ke ma? Ai na san uwarki. Ki gaishe ta. Ki ce mata na ce ta yi ƙoƙari da tarbiyya. Ciwo da magani duk na Allah ne."

Wannan ita ce Zongon da ta raine ni. Muna iya ciyar da mace shekara biyu ba tare da ta ji kunya ba, kuma muna iya zuba ido ta ruɓe don kada ta ji kunya. Duk sunansa ɗaya a bakinmu, rufin asiri. Na faɗi haka a tsakar gida da ƙarfi, Mama ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Takardar direkta ta yi kwana tara a jakata. Sau biyu na karanta wa Inna, sau biyu ta juya fuska bango.

"In sa hannu cewa na yi wa baƙuwa ƙarya? Kuma delege ya karanta? Delegen da na goya ƙanwarsa?"

"Inna, takarda ce kawai. Ba wanda zai gani sai Turawa."

"Su Turawan ba mutane ba ne?"

Ranar ta tara na shiga da hantsi ban ce komai ba. Ɗakin ya koma yadda na san shi. Tabarma, akwatin ƙarfe, dutsen guga, kwanon Mama a rufe ba a taɓa ba. Inda firigo ya tsaya, ƙafafunsa sun bar tabon tsatsa huɗu a kan siminti. Na zauna ina kore mata ƙuda da mafici. Ta rame har zoben azurfarta ya koma babban yatsa.

"Kin daina yi mini wa'azi ne?" ta ce.

"Na gaji, Inna."

"Ke da ba ki gajiya. Tun kina goye in kika so abu sai kin tsage mini kunne." Ta yi numfashi. "Jawo akwatin can."

Na jawo, na buɗe. Ƙarƙashin zannuwa biyu da suka koɗe akwai ƙunshi a cikin leda. Farin alawayyo ne, sabo fil, an goge shi an ninke, gefe ya hau kan gefe kamar an auna da ma'auni.

"Shekara shida da na saya. Duk bayan sallah nakan fito da shi in sake gogewa. Rayuwata duk a kan tsofaffin kayan mutane ta ƙare, na ce wannan kam sabo zan sa." Ta shafa shi da bayan hannu. "Wannan ba aro ba ne. Akwai wurinsa a tabilet ɗinki?"

"Babu, Inna."

"To kin ga ba su san dukiya ba."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ta miƙo hannu.

"Kawo takardar. Ba don ƙafa ba. Don ki daina shigo mini ɗaki da fuska kamar an aiko ki karɓar rai."

Na shafa mata tawadar biro a babban yatsa, ta dangwala. Ta daɗe tana kallon yatsan.

"In Baturiyar ta dawo, ko ruwa a ba ta. Kada ku bar ta haka."

A ranar delege ya buga hatimi, bai ɗago ya dube ni ba. A ranar na kai ofis. Direkta ya ce madalla, Brigitte za ta sauka ranar Lahadi, Litinin sai a je.

Ranar Juma'a da safe zazzaɓi ya rufe Inna. Ta daina gane mu. Tana ta kiran Gado tana ce masa ya ɗauke kayan mutane daga igiya hadari ya taso. Mama ta tallafe kanta a cinya tana ɗiga mata ruwa da cokali, tana maimaita mata kalmar shahada a kunne. Ni ina riƙe da hannunta, wanda har lokacin da sauran shuɗin tawada a yatsan. Ana kiran farko na sallar Juma'a a babban masallaci hannun ya yi nauyi. Mama ta shafa mata ido, ta ce, "Yaya Talatu, kin riga mu."

A nan Zongo ta nuna abin da ta iya. Kafin a sauko daga Juma'a an yi wanka, an sa ta cikin alawayyonta, ninkin gugar bai ma baje ba. Sahu ya kai har bakin titi. Kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Alhaji Ilu ya aiko da buhun shinkafa biyu, da rumfa, da bijimi. Baƙi ne mai farin goshi. Na tsaya ina kallo aka kayar da shi a bakin lungu, mutane suna cewa Allah ya saka wa Alhaji, ya riƙe amanar abokinsa.

Litinin ta zo daidai da sadakar uku. Na aika wa ofis da saƙo tun Juma'a, amma ba wanda ke buɗe saƙo a ƙarshen mako. Da hantsi farar mota ta tsaya a bakin lungu. Madam Brigitte ta fito, ta rame, tana ɗauke da tabilet. Ta ga rumfa, ta ga mata a zazzaune, ta tsaya cak.

Mama ce ta fara tashi.

"Tahirou, miƙo kujerar Alhaji, mai laushin. Munirat, kawo mata ruwa mai sanyi. Tsayuwar me kike yi?"

Na je firigonmu na ɗauko ruwa. Na zuba mata da hannuna, don an bar mini wasiyya.

Ta yi kuka, kukan gaske, har hancinta ya yi ja. Matan suka yi ta ba ta haƙuri. Wata ta ce Baturiyar nan akwai imani, wata ta ce dubi yadda ciwo ya cinye ta, baiwar Allah. Aka zubo mata shinkafa da naman bijimin. Ta ci loma biyu don kada ta ƙi.

Da za ta tafi ta ja ni gefe, tana jin nauyin abin da za ta faɗa. Dosiyen a buɗe yake. Ba ya rufuwa sai an cike ziyara ta biyu, da hotuna, ko da mai shi ba ta nan. In ba haka ba zai yi ta fitowa a rahoton kowane wata.

"Zan iya yi ni kaɗai," ta ce.

"Ba ki san inda ƙofar ke maƙalewa ba."

Na ɗaga ƙofar na tura. Muka shiga. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana juyawa a hankali, kamar tana neman inda aka kai sauran. Ta ɗauki hoton kusurwa huɗu. Sannan ta miƙo mini tabilet, don ni ke dannawa.

Firigo, babu. Fanka, babu. Talabijin, babu. Wurin zama, tabarma. A tambayar yunwa na tsaya. Ta ce in bar wurin, na ce na san amsar, na danna.

Tabilet ya yi ɗan jim, ya nuna kore.

Madam ta karɓa ta kife shi a ƙirjinta, ta fita ta sa takalmi. Na ji Mama tana raka ta har bakin lungu, tana ce mata ta gaida mutanen gida, Tahirou yana juya mata da Faransancinsa na kan titi.

Ban fita ba. Daga tsakar gida ana ta ƙarar kwanuka, an fara naɗe rumfa. Ta ƙofa na ga kujerun Alhaji Ilu suna wucewa a kan mutane ɗaya bayan ɗaya, ƙafafunsu a sama. Rana ta shigo ta kwanta a kan siminti, ta kai har kusurwar gawayi, inda tabon tsatsa huɗu suke. Dutsen gugar yana tsaye a tsakaninsu, bakinsa a buɗe, da tokar ranar ƙarshe a ciki.